Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Orry Cregeen ya danna agogon da babban yatsa a daidai lokacin da babur mai lamba huɗu ya gifta ta gaban cocin da ke can ƙetaren kwari. Bai gama sauke numfashi ba mai lamba bakwai ya gifta shi ma. Ya sake dannawa, ya duba. Daƙiƙa huɗu ne tsakaninsu.

Ya durƙusa a kan ciyawa, ya goge allon da tsumma, ya rubuta huɗu da alli, ƙatuwa, yadda mai gudun mil ɗari da arba'in zai iya karantawa da wutsiyar ido. Daga cocin zuwa ƙofar gonar da yake tsaye rabin minti ne a wurin masu tsere. A cikin rabin mintin nan duk aikinsa yake.

"Huɗu," in ji Illiam Teare daga bayansa, shi ma yana ƙoƙarin rubutu a nasa allon. "Ɗazu shida ne. Yarona cin ta yake yi a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin motar nan taka."

"Rubuta naka ka bar ni da nawa."

"Ai na rubuta. Ni ba na jiran tabarau ya sauko mini daga goshi."

Ƙarar ta riga baburan isowa. Ta taso daga ƙasan tudu tana girma har Orry ya ji ta a haƙoransa. Ya miƙa allon ta saman katangar dutse, ya riƙe da hannu biyu. Wani abu ja ya wuce, iskarsa ta buge shi a ƙirji, ya ga hular kwanon ta ɗan sunkuya kaɗan. Ta gani. Nan take ya sauke allon, domin kada na baya ya karanta abin da ba nasa ba. Mai lamba bakwai ya wuce, Illiam ya ɗaga masa nasa, taku biyar a bayan Orry.

Mai lamba huɗu Fenella ce, 'yar Orry, ita kaɗai Allah ya ba shi. Mai lamba bakwai Dollin ne, ɗan autan Illiam. Tare suka yi makaranta, tare suka fara satar hawa babur a gonar nan, yau kuma su biyu ne a gaba a tseren Kerrowvane, sauran duk sun zama 'yan rakiya. Zagaye na uku ke nan cikin shida.

Orry ya duba ɗaya agogon, wanda ke auna zagaye ɗaya daga ƙofar nan zuwa ƙofar nan. Minti biyar da daƙiƙa hamsin da huɗu. 

"Nawa ta yi?" Illiam ya tambaya.

Ya nuna masa.

Illiam ya yi fito a hankali. "Saura daƙiƙa uku su taɓa tarihin ƙaninka Finlo. Ka fiƙe fensirinka, malam. Yau littafin nan naka zai sami sabon suna, kuma da harafin gidanmu zai fara."



Littafin yana gida, a aljihun tebur, naɗe cikin tsohon mayafin matarsa. Tun shekarar 1927 ake rubuta shi, lokacin da manoma goma sha ɗaya suka rufe hanyar gari da kekunan shanu suka yi tsere a kan baburan da sai an sauka an tura su a hawan tudu. Shugaban makaranta ne ya fara riƙe shi, daga shi sai mai kantin magani, daga shi sai Orry, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a kan wannan hanyar mai mil goma sha ɗaya har ya san kowane rami da kowane murfin kwata. Ba wanda ya koya masa aikin. An ga dai yana da kyan rubutu kuma ba ya mantuwa.

A shafin ƙarshe akwai jerin waɗanda suka taɓa riƙe gudu mafi sauri na zagaye ɗaya. Mutum goma sha huɗu. Mai kantin magani ya fara wata al'ada ta sa ɗan ƙaramin gicciye da fensir a gefen sunan duk wanda hanyar ta kashe, Orry kuma ya ci gaba da ita ba tare da ya taɓa tambayar kansa dalili ba. Gicciye shida ne a jerin. Na shidan shi ya sa da hannunsa, a gefen sunan ƙaninsa, Finlo Cregeen, minti biyar da daƙiƙa hamsin da ɗaya. Shekara goma sha bakwai ke nan ba wanda ya kai wannan lambar. Wasu shekarun ruwan sama ya ɓata, shekara biyu ba a yi tseren ba, sauran kuwa mutane sun gwada sun kasa.

A ranar da Finlo ya mutu ma Orry ne ya riƙe masa allo, a wannan ƙofar. Agogo ya ce ɗaya, ya rubuta ɗaya. Finlo ya gani, ya ƙara wuta, ya kafa tarihin a zagayen, a na gaba kuma bai zo ba. Ba wanda ya taɓa cewa Orry ya yi laifi. Gaskiya ya rubuta. Shekara goma sha bakwai yana juya maganar, bai sami inda laifin yake ba, bai kuma sami inda zai ajiye ta ba.

"Ka sha shayi," in ji Illiam, yana miƙo masa murfin filas. "Fuskarka ta yi fari kamar ta tunkiyar da aka yi wa aski."

"Shayinka ko ruwan wanke kwano?"

"Matata ce ta dafa. Je ka faɗa mata."

"Ina son raina."

Daga gefen katanga Kirree Kewley ta yi dariya. Ita ce mai kula da wannan yanki na hanyar, da rigarta mai ruwan lemo, da tutoci uku a soke a ƙasa, da oba-oba a kafaɗa. A sauran ranakun shekara ita ke sayar da burodi a gari. A kan katangar ta ɗora ɗan ƙaramin rediyo, mai sharhi yana ta zuba kamar ana ƙona shi.

"Ku biyun nan," ta ce, "shekara nawa kuna wannan faɗan? Orry, ina Moirrey? Ta tafi wurin 'yar'uwarta?"

"Tun jiya."

"Ta yi hankali."

Haka matarsa take yi duk shekara. Takan tafi can arewacin tsibirin da suke zaune a kai, inda ƙarar ba ta kaiwa, ta kashe rediyo, ta yi ta wanke tagogin gidan 'yar'uwarta har sai an buga mata waya.

Da safen nan, a rumfar da ake duba babura, Fenella ta kama hannun rigarsa. Tana cin burodi da bandar kifi a tsaye, rabin rigar fatarta a zuge.

"Baba, abin da agogo ya ce shi za ka rubuta."

"Yaushe na taɓa rubuta wani abu daban?"

"Ba ka taɓa ba. Amma na ga yadda kake kallona tun ranar Talata. Babur ɗin nan ba shi da madubi, ni kuma ba zan waiwaya ba. In ka ce akwai mutum a bayana, akwai. In ka ce babu, babu."

"Gama cin abincinki."

"Ka ce ka ji."

"Na ji."

Ta shafa masa maiƙon kifi a kafaɗa da gangan, ta yi dariya, ta tafi.

Yanzu ga su sun sake ɓullowa ta gaban coci. Ya danna, ya danna. Uku. Ya rubuta, ya miƙa, ta wuce, ya sauke. A wannan karon bai ga ta sunkuyar da kai ba, ya dai ga yadda tayar baya ta ɗan yi rawa a kan tudun kwaltar da ke gaban ƙofa, ta wutsila hagu, ta dawo. Duk abin bai kai ƙiftawar ido ba. Illiam bai ma lura ba, ɗansa yake kallo.

Minti biyar da hamsin da biyu.

Mai sharhi a rediyo ya soma kiran sunan Finlo. Yana cewa jama'a su riƙe hulunansu, yau tarihin shekara goma sha bakwai zai faɗi, ko a hannun 'yar wansa ko a hannun yaron gidan Teare. Kirree ta kalli Orry, ta miƙa hannu ta rage muryar.

"Bar shi," ya ce. "Aikinsa yake yi."

Ya zauna a kan dutse. Ya san abin da ke zuwa kamar yadda ya san hanyar gidansa. Dollin zai matso. Ita za ta ga lambar tana raguwa, ta ƙi sakin totur a inda ya kamata a saki. Daga ƙofar nan hanya takan gangara mil ɗaya da rabi zuwa Gadar Niƙa, daga nan ta hau cikin itatuwa inda rana ba ta busar da kwalta sai bayan azahar, ta bi ta bangon makaranta, inda har yau akwai dutse ɗaya da launinsa ya bambanta da sauran, a daidai wurin da babur ɗin Finlo ya daka. Fenella tana da shekara goma sha biyu lokacin da aka sa dutsen. Ita ta riƙe wa magini bokiti.

"Illiam."

"Na'am."

"Ba ka jin tsoro?"

Illiam ya daina murɗa murfin filas. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, makiyayin tumaki, wanda ya yi tseren sau tara a zamaninsa bai taɓa zuwa ko na biyar ba.

"Tun daren jiya ban yi fitsari daidai ba," ya ce. "To sai me? In ce masa ya zauna a gida ya yi saƙa? Ubana ya tsaya mini a ƙofar nan. Kai ma ka tsaya wa ƙaninka. Tashi, sun kusa."

Orry ya tashi. Ya goge allon tun kafin lokaci, ya riƙe alli a hannun dama, agogo a hagu. Tumakin gonar sun taru can nesa a gindin katanga, sun juya wa hanya baya.

Ja ya gifta ta gaban coci. Ya danna. Kusan a manne da shi, shuɗi. Ya danna.

Biyu.

"Biyu," Illiam ya ce da ƙarfi, muryarsa na rawa don murna. "Biyu, tsoho. Ka gaishe ta."

Orry ya durƙusa ya rubuta biyu. Ya kalle ta. Ƙarar ta fara tasowa daga ƙasan tudu. Akwai fili a hagun lambar, faɗin tafin hannu. Bai yanke shawarar komai ba, ko kuma ya yanke tun shekara goma sha bakwai da suka wuce, shi kansa bai sani ba. Hannunsa ya ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Goma sha biyu.

Ya miƙe ya tura allon ta saman katanga. Illiam yana bayansa, bayan allon kawai yake iya gani. Ƙetaren hanya kuwa ba a barin kowa ya tsaya. Mutum ɗaya ne a duniya zai karanta.

Ta zo, ta wuce. Hular ta sunkuya. Ya ji da kunnensa, kafin ta ɓace a gangaren, muryar injin ta ɗan sauka, kamar mutum ya saki numfashin da ya daɗe yana riƙewa. Ya kifa allon a jikin ƙafarsa. Dollin ya wuce kamar an harbo shi, nasa injin yana kuka har ƙarshen maƙogwaro.

Daɗi ya fara zuwa masa, mai ɗumi, har idonsa ya kawo ruwa. Za ta sassauta. Za ta sha kaye, ta yi fushi, wataƙila ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Za ta ci abinci a gidansa ranar Lahadi.

Daɗin bai kai daƙiƙa biyar ba. Gadar ta faɗo masa a rai.

Shi ya koya mata gadar, a cikin motar raba wasiƙu, tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. In da mutum a bayanki, ki manne da bangon ciki, ki jinkirta birki, ki rufe masa ƙofa. In ke kaɗai ce, ki taka birki da wuri, ki buɗe zuwa waje, sannan ki yanko ciki a natse. Yanzu ya gaya mata ita kaɗai ce. Za ta taka birki a inda Dollin bai zata ba, ta buɗe masa ƙofa, ya shigo da dukkan gudunsa, ita kuma ta yanko ta rufe ta a kansa.

Ya buɗe baki. Ba wanda zai kira. Mil ɗaya da rabi, daƙiƙa arba'in. Ya tsaya yana kallon agogon hannunsa yana cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Babura uku suka wuce, na uku da na huɗu da na biyar. Wasu biyu suka biyo. Sai oba-obar Kirree ta yi ƙara. Ta kara ta a kunne, ta saurara, ta sunkuya ta zare jar tuta daga ƙasa, ta miƙa ta kan hanya.

Na gaba da ya zo ya ga tutar, ya ɗaga hannu, ya rage gudu ya tsaya a gindin katanga. Na bayansa ma haka. Ɗaya bayan ɗaya injuna suka mutu, na kusa da na nesa, har kwarin ya yi shiru. A rediyo mai sharhi ya ce an dakatar da tseren saboda wani abu da ya faru a Gadar Niƙa, za a sanar in an sami bayani. Aka sa kiɗa. Duk wanda ya girma a garin ya san kiɗan nan, ba a sa shi don ƙaramin abu.

"Kirree," in ji Illiam. "Wace lamba?"

"Ba su faɗa ba."

"Kin yi ƙarya. Na ga fuskarki."

"Illiam, ka san doka. Ba a faɗin lamba sai likita ya gani, an sanar da dangi."

"To mu su wane ne? 'Yan yawon buɗe ido? Ga ni, ga shi. Dangin ke nan gaba ɗaya."

"Na rantse maka abin da aka ce ke nan, mutum ɗaya a ƙasa, a tsayar da tsere. Ko ɗaya ne ko biyu ma ban ji da kyau ba." Ta juya musu baya, ta matsa can ƙarshen katanga, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

Illiam ya ɗora ƙafa a kan ƙofar gonar zai haura. Orry ya riƙo rigarsa.

"Hanya a rufe take."

"Su kama ni."

"Motar likita za ta biyo ta nan a guje. Kana so a kwashi mutum biyu daga gidanku?"

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya saki rigar. Illiam ya kalle shi, ya sauko da ƙafar.

Suka tsaya. Matuƙan da aka tsayar sun cire hulunansu, sun jingina da katanga, ba mai kallon su biyun. Wani daga ciki, baƙo daga ƙetaren teku, ya tambayi ko akwai mai taba. Tumaki suka fara dawowa kiwo. Orry yana jin allon a jikin ƙafarsa, gefen rubutun yana manne da wandonsa, yana jin sa kamar ƙarfen da aka ciro daga wuta.

Ya sami kansa yana addu'a, da ya saurari abin da yake roƙo sai ya ji kunya ta kama shi har wuya. Ba cewa yake Allah ya tsare su ba. Cewa yake Allah ya sa shuɗin ne. Yaron da ya ɗauka a kafaɗa ranar da aka yi masa baftisma, wanda uban ke tsaye kusa da shi har yana jin warin tumakin jikinsa. Ya yi ƙoƙarin gyara addu'ar, ta ƙi gyaruwa. Ya kuma san Illiam ma irinta yake yi, da launin da ya bambanta.

Daga kudu suka jiyo jirgi mai saukar ungulu. Ya wuce ta kansu, ya sauka bayan itatuwa.

"Ni na sa shi," in ji Illiam, idonsa a kan itatuwan.

"Me?"

Ya ɗago nasa allon. Biyu ce a rubuce, an kewaye ta da da'ira mai kauri, an maimaita har alli ya karye.

"Mun yi da shi, in na kewaye lamba, to lokaci ya yi, ya kai hari a zagayen. Ni na ce masa gada. Na ce yarinyar nan tana da tsoron gada, uban ya koya mata tuƙin masu raba wasiƙa." Ya yi wata dariya marar daɗi. "In ya taɓa ta, Orry, in wani abu ya sami Fenella, ni ne. Ka ji na faɗa da bakina."

 Ga tsumman a hannun Orry, bai san lokacin da ya ɗauka ba.

"Ba a san komai ba tukuna," ya ce.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Lambar da bai sani ba. Ya kasa danna wurin amsawa sai a karo na biyu.

"Baba."

"Fenella."

Sunan ya fita kafin ya tuna wanda ke tsaye kusa da shi. Illiam ya rufe ido. A hankali ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin katanga, allon a kan cinyarsa.

"Wayar wani mai tuta ce," ta ce. Numfashinta yana sama-sama. "Ina bayan gada. Ban faɗi ba. Ya taɓa ni ta baya, babur ya yi rawa, na riƙe. Shi ya tafi bango."

"Yana da rai?"

Illiam ya buɗe ido.

"Yana magana. Na koma da gudu, na riƙe masa kai har likita ya zo. Sai zagina yake, wai me ya sa na taka birki a can. Baba, ya ce ba ya jin ƙafafunsa."

Orry ya kalli Illiam ya gyaɗa kai. "Yana magana," ya ce masa. Sauran bai faɗa ba.

"Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Goma sha biyu na gani."

Orry ya ƙara matse allon a jikin ƙafarsa.

"Na sassauta. Na buɗe a gada yadda ka koya mini. Daga ina ya fito? Mutum ba ya cinye daƙiƙa goma sha biyu a mil ɗaya da rabi. Ko idona ne? Ka gaya mini idona ne."

Ga ƙofa ta buɗe masa da kanta. A irin gudun nan ido yakan yi ƙarya, kowa ya sani. Inuwar sandar ƙofa ma tana iya zama layi. In ya ce biyu ya rubuta, za ta yarda, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba. Za ta ɗauki abin ta sa a kanta, ta yi ta juya shi shekara da shekaru, ita kaɗai.

"Ba idonki ba ne," ya ce.

Ya ji numfashinta a wayar, sau ɗaya, sau biyu.

"Masu bincike za su tambaye ni."

"Ki faɗi abin da kika gani."

Ta kashe.

Kirree ta dawo, ta durƙusa gaban Illiam, ta gaya masa a hukumance abin da ya riga ya sani. Lamba bakwai, yana cikin hayyacinsa, an tafi da shi babban asibiti, an soke sauran tseren. Ta ce da zarar motar buɗe hanya ta wuce za su iya fita. Jirgin ya tashi daga bayan itatuwa, Illiam ya bi shi da ido har ya shige gajimare.

"A ƙafa na zo," ya ce, kamar mai ba da haƙuri.

"Zan kai ka," in ji Orry.

Sai da suka yi minti ashirin suna jira. Illiam ya buga wa matarsa waya, ya yi magana a taƙaice. Da ya gama sai ya tofa yawu a hannun rigarsa ya shiga goge da'irar da ke kan allonsa, yana gogewa har bayan ta ɓace.

"Me za ka rubuta a littafin?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Kowace shekara tana da layinta a ƙasan shafi, inda ake faɗin abin da ya faru in an tsayar da tsere. Na Finlo kalma huɗu ne, ya zame a makaranta.

"Ban sani ba tukuna."

"Kar ka sa yaron ya zama wawa a ciki. Ka ce ubansa ne ya tura shi. Ka rubuta haka, ni na yarda."

Motar buɗe hanya ta wuce da fitilarta tana juyawa. Kirree ta naɗe tutocinta. Orry ya ɗauki agogunansa biyu ya sa a aljihu, ya ɗauki allon yana riƙe da shi a kife, ya nufi tsohuwar motarsa da ke fake a cikin gonar. Wandonsa ya ɗan shafe alli, amma lambar tana nan, layin da biyun, ana karanta su sarai. Tsumman yana ɗaya hannun, da sauran danshinsa. Shafa ɗaya ta isa. Fenella ba za ta taɓa kai ubanta gaban Illiam ba, ya san wannan. Masu bincike kuma za su rubuta kuskuren gani, su rufe takarda.

Ya buɗe motar. Ya jefa tsumman a baya, cikin igiyoyi da tsofaffin jaridu. Allon kuwa ya kwantar da shi a kujerar gaba, rubutun yana kallon sama. Ya zagaya ya shiga mazauninsa, ya tayar da inji, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

Illiam ya iso yana jan ƙafa, filas a hammata. Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu zai kawar da allon don ya zauna, sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, ƙafa ɗaya a cikin mota, ɗaya a kan ciyawa. Orry bai kalle shi ba. Yana kallon ƙofar gonar da Kirree ta buɗe musu, tana jira.

Illiam ya ɗauki allon da hannu biyu, a hankali, yadda yatsunsa ba za su taɓa allin ba. Ya shiga ya zauna, ya ɗora shi a kan gwiwoyinsa, ya ja ƙofa ya rufe.

"Tuƙa," ya ce.